Illar Rauni a Darasi Guda ga Mai Neman Karatun Likita

Tun 1978 da aka kafa hukumar JAMB, ita ke shirya jarrabawar shiga jami'o'in Nijeriya. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana yadda rauni a darasi ɗaya tak kan toshe wa ɗalibi hanyar karatun likita.

Darussa huɗu mai neman wannan fanni yake rubutawa: Ingilishi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Kowannensu maki 100 ne, jimla 400 ke nan. Da yake jimlar ake dubawa, wasu kan zaci ƙarfin darussa uku zai rufa wa na huɗun asiri. Amma a dubi wannan misali: ɗalibin da ya sami 80 a darussa uku, sannan 40 a Fiziks, jimlarsa 280 ce. Wanda kuwa ya sami 75 a kowanne ya tashi da 300. Na biyun ya sha gaban na farkon, alhali bai kamo shi a darussa uku ba.

Wannan tazara ta maki 20 ba ƙarama ba ce, domin hukumar kula da aikin likita, wato MDCN, ta ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, masu nema kuwa sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

A jarrabawar WAEC ko NECO abin ya fi tsanani. Tilas a sami kiredit a waɗannan darussa huɗu da kuma Lissafi, kuma wani ba ya ceton wani.

Don haka, darasin da ɗalibi ke gudu shi ya fi cancantar lokacinsa, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.