Yadda ake tsallakar da furosesa zuwa yanayin kariya

Ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Wani ɗan'uwa daga Kabo ne ya turo tambaya. Ya ce ya rubuta butloda da yaren asembili, yana buga sallama a allo lafiya lau, amma da ya yi yunƙurin shiga yanayin kariya sai kwamfutar ta riƙa mutuwa tana tashi ba tsayawa. Malam, na san ciwon nan. Ni ma haka na kwana uku a Gwarzo ina fama da wata tsohuwar laftof, ina lissafin cajin da ya rage.

Bari mu faro daga tushe. Idan ka kunna kwamfuta mai tsohon tsarin BIOS, furosesa tana farkawa ne kamar ita ce 8086 ɗin da Intel ta fitar a 1978: bit 16, kuma memorin da take iya kaiwa bai wuce kusan megabayit 1 ba. BIOS zai ɗauko bayit 512 na farkon faifai, ya duba ko sun ƙare da 55 da AA, ya sauke su a adireshin 0x7C00, ya sakar musu ragama. Butlodarka ke nan.

A wannan tsohon yanayin, memori kamar fili ne marar iyaka. Kowace manhaja za ta iya shiga gonar wata ta yi shuka, babu mai hanawa. Wanda ya taɓa ganin rikicin iyakar gona a gaban dagaci ya san inda hakan yake kaiwa. Shi ya sa Intel ta kawo yanayin kariya a 80286 a 1982, sannan 80386 ta 1985 ta faɗaɗa shi zuwa bit 32 da gigabayit 4. Nan kowane yanki yana da mafari, da iyaka, da dokar wanda zai shiga.

Tsallakawar kanta bit ɗaya ce tak. Shirin da ake yi kafin ta da bayanta shi ne aikin.

Na farko, rubuta cli. Wannan yana toshe kiran gaggawa da agogo ko kibod suke yi wa furosesa. Idan kira ya shigo kana tsakiyar rafi, babu teburin da zai amsa shi.

Na biyu, buɗe layin A20. IBM ce ta sa masa ƙofa a 1984 don tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki. In yana rufe, rabin memorinka ba zai samu ba. Hanya mai sauƙi ita ce ta ƙofa 0x92.

Na uku, GDT. Ɗauke shi a matsayin takardar iyakokin gonaki. Kowane layi bayit 8 ne. Na farko sifili zalla, na biyu na umarni, na uku na bayanai, duka biyun su faro daga 0 su kai gigabayit 4. Sai ka miƙa wa furosesa takardar da umarnin lgdt.

Na huɗu, kwafo rijistar CR0 zuwa eax, ka mayar da bit na 0 ya zama 1, ka mayar da ita.

Na biyar, kuma nan mutane suke zamewa: yi dogon tsalle nan take zuwa 0x08, wato layin umarni, domin rijistar CS ta ɗauki sabuwar doka. Bayan ka sauka, zuba 0x10 a DS, ES da SS, ka saita ESP.

To ɗan'uwa na Kabo, abin da kake gani kuskure ne sau uku a jere. Furosesa ta yi tuntuɓe, ta nemi mai ɗaga ta babu, ta sake nema babu, sai ta sake kunna kanta. Ni nawa laifin shi ne na manta layin org 0x7C00 a NASM, don haka lgdt ya nuna wurin da babu takarda. Duba wannan tukuna. Sannan duba ko ka sa bits 32 bayan tsallen. Kuma in ka tsallaka, ka yi sallama da BIOS, int 0x10 ba zai ƙara buga maka ko harafi ba. Kai tsaye za ka rubuta a 0xB8000, bayit ɗaya harafi, ɗaya launi.

Gargaɗi, don Allah. Kada ka gwada a faifan kwamfutarka ta aiki. Teburin rabon faifai yana zaune cikin waɗannan bayit 512 ɗin. Ni na taɓa dannewa a kansa da dd, na wayi gari laftof ba ta ganin komai, har da aikin makaranta. Yi amfani da QEMU, kyauta ne, ya mutu sau ɗari ba asara.

In harafi ɗaya ya fito a kusurwar allo bayan tsallen, ka haye. Turo mana hoton mu taya ka murna. Sai mun haɗu a shiri na gaba, za mu gina teburin amsa kiran gaggawa. Na bar ku lafiya.