Fitilar Zobe da Makirfon Wuyan Riga: Abin da Suka Sauya a Garin Bauchi

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan waya da ke kewayen Wunti a 'yan shekarun nan zai ga wasu kaya biyu sun ture caja da murfin waya, sun dawo bakin ƙofa. Na farko fitila ce mai siffar zobe a kan sanda mai ƙafa uku, da maƙalin waya a tsakiyarta, 'yan kasuwa na ce mata ringlayit. Na biyu ɗan makirfo ne da bai wuce girman kwalin ashana ba. Ana maƙala shi a wuyan riga, a soka abokin tafiyarsa a ramin cajin waya, magana ta riƙa shiga babu igiya. Shekaru goma da suka wuce, mai son haske da sauti irin wannan a Bauchi sai ya nemi ma'aikatan gidan talabijin na BATV ko NTA, ko ya ɗauko mai bidiyon biki da tulin kayansa. Yau masu sayen su ne mai yi wa amare kwalliya, da tela, da ɗalibin jami'ar ATBU a Yelwa, da yaron malam mai ɗaukar karatu tsakanin Magariba da Isha'i.

TikTok ya taimaka, babu shakka. Sai dai abin da ya ba kayan nan gindin zama a wurinmu ya fi alaƙa da wayar da ke hannunmu, da ɗakunan da muke kwana, da wutar da ba mu samu.

Wayar da ta fi yawa a hannun jama'a Tecno ce ko Infinix ko itel, duka na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya yi suna wajen daidaita kyamararsa da baƙar fata. Da rana hotonta ba laifi. Amma idon kyamarar waya ɗan mitsitsi ne, hasken da yake iya tarawa kaɗan ne. Da zarar wuri ya yi duhu sai wayar ta shiga cike giɓin da kanta, hoto ya fito dishi-dishi, launi ya kwance, motsi ya riƙa jan inuwa. Ɗakunanmu kuwa don gudun zafi da kare sutura aka tsara su: ƙananan tagogi, labule mai kauri, ƙwan lantarki ɗaya a tsakiyar rufi yana zuba inuwa a ƙarƙashin idanu. Shi ma ƙwan sai kamfanin JED ya kawo wuta. Ba a manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Bauchi na cikin jihohin da suka yi fiye da mako guda a duhu. Fitilar zobe ba ruwanta da wannan. Ƙwayayenta na LED ne marasa cin wuta, ƙaramarta da fawabank take aiki, fawabank kuma ana cajinsa a shagon mai sola.

Maganar sauti ta fi ta haske nauyi, ko da yake mutane sun fi saurin sayen fitila. Idan tazarar da ke tsakanin baki da makirfo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yakan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya kafa waya a taku uku don a ga jikinsa duka ya riga ya ba janaretan maƙwabci da Keke Napep da iskar hunturu damar danne muryarsa. Makirfon wuyan riga yana zaune ne taƙi ɗaya daga baki, shi ya sa yake cin nasara a kan hayaniyar titi. Kamfanin Rode na Ostireliya ya fito da ƙaraminsa marar igiya, Wireless GO, a 2019, DJI ma ya biyo baya da nasa. Ba a jima ba ƙananan masana'antun Sin suka cika duniya da masu arha, suna shigowa ta Alaba da Computer Village a Legas, su bi ta kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko su zo kai tsaye. Tun da aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, na asalin sun fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Masu arhar ne suka mamaye gari.

Matsin da ya tsadar da kayan shi ne kuma ya ƙara masu nema. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, albashi ɗaya ya daina riƙe gida, kowa na neman abin haɗawa. Kafin nan zaman kullen korona na 2020 ya koya wa mutane saye da sayarwa ta waya, kuma a wannan shekarar ce shirin Izzar So ya nuna wa matasan Arewa cewa ana iya tara masu kallo a YouTube ba tare da an bi ta gidan talabijin ba. A 2024 Meta ta buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗin talla a Facebook.

A ganina, babbar ribar abin ta faɗa ne hannun matan da ke sana'a a cikin gida. Sana'ar matan aure tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa, kuma tsohon lahaninta shi ne talla: kayan uwa, tire a kan 'ya, yarinya tana yawo a tasha lokacin da tsararrakinta ke aji. Mai turaren wuta da humra, ko mai atamfa da leshi, ko mai masar da ake yi wa oda ranar suna, yanzu tana iya shimfiɗa kayanta bayan yara sun yi barci, ta kunna fitila, ta ɗauka, ta ɗora a WhatsApp, kuɗi su shigo ta asusu, ɗan aike ya kai kaya. Ba ta fita ba, ba ta kama shago ba, ba dole ne ma fuskarta ta fito ba. Ban ce wannan ya kawar da tallar yara ba, don mai ƙosai da mai gyaɗa ba su da jarin da zai kai su nan. Amma ga wadda take da ɗan abin juyawa, hanya ce da iyayenmu mata ba su samu ba. Masu kwalliya da masu lalle kuwa fitilar ta zama musu kayan aiki sau biyu: da ita suke ganin fuskar amarya da asubar ranar kamu, da ita kuma suke ɗaukar hoton da zai kawo amarya ta gaba.

Hasken da ke jawo ciniki yana iya jawo rigima. Yawancin fitilun nan suna da maɓallin sauya haske daga ruwan ɗorawa zuwa fari fat, kowanne kuma yana sauya launin yadi. Shaddar da ta fito ruwan toka a waya sai ta iso hannun mai saye da wani launi, a shiga "ba ita na zaɓa ba". Sau da yawa mai kayan ba ta yi niyyar ha'inci ba, ƙwayayen fitila mai arha ne ba sa fitar da launi daidai. Maganinsa bai kai ko sisi ba: a fito da yadin inuwar bakin ƙofa da hantsi a ƙara masa hoto ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne fuska. Zoben yana watsa haske daga kowane gefe, ya share inuwa da tabo, manhajar waya ta ɗora nata gyaran, baƙar yarinya ta ga kanta fara sol. Idan ta saba da waccan fuskar, ta madubi sai ta daina yi mata daɗi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Fitila ba ita ta haifi wannan ciwo ba, amma masu tallar man shafawa a ƙarƙashinta suke nuna "kafin" da "bayan", kuma ba kowace mai kallo ce ta san rabin bambancin aikin haske ne ba.

Masu ɗakin hoto ma sun ji wannan sauyi a jikinsu. Hoton Sallah da na zagayowar ranar haihuwa sun koma gida. Abin da ya rage musu shi ne fasfo da manyan bukukuwa, inda har yanzu gwaninta ke da farashi.

Matasan da suka sayi kayan da fatan Dalar Facebook ko YouTube su ne suka fi fuskantar asara. YouTube na neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin a fara rabon kuɗin talla a dogayen bidiyoyi, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta biya kamar ta Amurka ko Ingila. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ga batirin makirfo mai arha da ba ya jure zafin Maris da Afrilu. Wanda ke da haja ko sana'a a bayan kyamara yana mayar da kuɗinsa da wuri, shi kuwa mai jiran yawan kallo kaɗai yakan daɗe yana zuba data.

Makirfon ya taɓa wani wuri da fitilar ba ta kai ba, wato wanda ake saurara a gari. A da, murya mai fita tas alama ce ta cewa magana ta bi ta gidan rediyo irin su BRC ko Globe FM ko Albarka Radio, akwai edita, akwai lasisin hukumar NBC da ake tsoron rasawa. Yanzu karatun ƙaramin masallacin unguwa yana isa ga ɗan Bauchi da ke Legas ko Jidda ba tare da amsa-kuwwar lasifika ta cinye shi ba, mutanen layin da kwata ta cushe suna iya nuna ta su faɗi kokensu da bakinsu. Wannan alheri ne babba. Amma tsabtar sautin nan ita ce ke sa yankakken minti ɗaya daga wa'azin sa'a biyu ya yi kama da cikakken hukunci, ta sa yaron da ke tare mata a kasuwa da tambayoyin cin fuska ya yi kama da ɗan jarida, alhali bai nemi izinin kowa ba kafin ya watsa fuskarsa. Hukuma kuma ta fi saurin motsi idan abin ya taɓa masu mulki. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Ganduje, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya sha zama hujjar kama 'yan jarida da masu suka. Matar da aka ɗauka a kasuwar Muda Lawal tana cinikin tumatir, aka mayar da amsarta abin dariya, ba kasafai ake jin wani ya tsaya mata ba.