Idan Ɓarin Jikin Mahaifi Ko Mahaifiya Ya Shanye: Me Za Ku Yi?

Shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Dattijo yana alwala ko yana cikin hira, sai baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Abin da ku 'ya'yansa kuka yi a sa'o'in farko yana iya zama sanadin ya sake taka ƙafarsa.

Ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala. Duk ɓangaren da jini ya daina kai wa zai fara mutuwa cikin mintuna. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi, sai ciwon suga, shan taba da ciwon zuciya.

Ku gwada abu uku. Ku ce ya yi murmushi: ɓari ɗaya ya zube? Ku ce ya ɗaga hannuwa biyu: ɗaya yana sauka? Ku ce ya faɗi sunansa: harshe ya yi nauyi? Ko ɗaya kuka gani, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku nufi asibiti. Ko da alamun sun wuce bayan minti 10, a je, domin gargaɗi ne.

Kafin a sami mota, ku kwantar da shi ta gefe, ku sassauta masa tufafi. Kada a ɗura masa ruwa, kunu, zuma ko rubutu, domin maƙogwaro yakan shanye shi ma, abin ya zarce huhu. Kada a ba shi asfirin: idan jijiya ce ta fashe, zai ƙara zubar jinin. Kada kuma a ƙara masa maganin hawan jini da ka. Addu'a kuwa, a yi ta a hanya.

Ku zaɓi asibitin da ke da na'urar hoton CT, domin hoton ne ke bambance toshewa da fashewa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, nan ake samun likitocin ƙwaƙwalwa. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga fara alamun. Shi ya sa likita zai tambaye ku yaushe aka gan shi lafiya lau. Ku tafi da duk magungunan da yake sha.

Bayan an sallame ku, aiki ya dawo gida. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, kaɗan-kaɗan. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa. A fara zuwa wurin masu gashi da motsa gaɓoɓi da wuri, domin watannin farko ne jiki ya fi farfaɗowa. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Ku yi masa magana kamar yadda kuka saba, ku nemi shawararsa. Rashin iya furta magana ba rashin hankali ba ne. Idan ya yawaita kuka ko ya ƙi abinci, ku sanar da likita.

Jinyar nan doguwa ce, kada a bar wa diya ɗaya ko matar gida. Ku zauna ku raba kwana, kuɗin magani da kai shi asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ma ku auna jininku a makon nan, domin hawan jini yana bin dangi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya lada.