HUNTURU YA ƘARATO: WA ZAI TAIMAKI MAI RENON YARO NAƘASASSHE A KUDANCIN KADUNA?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tashi a Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ko Manchok, ba sai an ba shi labarin sanyin hunturu ba. Daga watan Disamba zuwa Janairu, idan iska ta gangaro daga tsaunukan Jos ta biyo gindin dutsen Kagoro, ruwan randa yakan gagari hannu da asuba, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. Mu da muke zaune a Ikko da Badun da Fatakwal, inda gumi ne yake damunmu, mukan manta da wannan, sai fa in an bugo waya daga gida an ce a aiko da kuɗin gawayi.

To, ga mai lafiya sanyin nan abin haƙuri ne na 'yan makonni. Amma a gidan da ake da yaro naƙasasshe, magana ce ta rai da mutuwa. Yaron da gaɓoɓinsa suka shanye tun haihuwa ba ya iya motsawa ya ɗumama jikinsa, ba ya iya jan bargo idan ya zame. Idan yana fitsarin kwance, tilas a dafa ruwa a wanke shi sau biyu ko uku a rana, a wanke tsumma, a kuma shanya. Mura kaɗan takan zame masa ciwon haƙarƙari. Haka nan mai ciwon sikila, watau amosanin jini, sanyi yana cikin manyan abubuwan da suke tayar masa da ciwo, ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kamar 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Nijeriya.

Wanda yake ɗauke da wannan ɗawainiya kuwa, galibi uwa ce, ko kaka, ko wata yarinya da aka cire daga makaranta. Ba ta zuwa gona yadda ya kamata, ba ta cin kasuwa, domin babu wanda za ta bar wa yaron. Watau gidan da ya fi kowa buƙatar itace da gawayi da sabulu, shi ne gidan da hannu ɗaya ya daina nema.

Daɗin daɗawa, komai ya yi tsada. An janye tallafin kananzir a 2016, an janye na man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, ya ja farashin itace da gawayi. A daminar 2023 ɗin kuma wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da sauran wurare, ta lalata amfanin da gidaje da yawa suke dogaro da shi su yi hidimar rani. Saboda haka tambayar da ta dace kowane mai irin wannan yaro a gida ya yi ita ce: shin akwai wani haƙƙi da mai renon nan take da shi a wurin Gwamnati? In akwai, wa ya cancanta, ta wace ƙofa ake shiga?

ABIN DA DOKA TA CE

Bari mu fara da gaskiya, ko da ɗaci. A Nijeriya babu wani alawus na wata-wata da doka ta yanka wa mutum don kawai yana renon yaro naƙasasshe. Babu kuma kuɗin ɗumama ɗaki da ake biya lokacin hunturu. Duk wanda ya ce maka yana da fom na irin wannan kuɗi, ka biya shi ya cika maka, to riƙe aljihunka, ɗan damfara ne.

Abin da ake da shi shi ne Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Dokar ta ce naƙasasshe yana da haƙƙin ilmi kyauta har zuwa sakandare. Ta ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin Gwamnati. Ta ce a ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun Gwamnati. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wa naƙasasshe bambanci, kamfani kuwa naira miliyan 1. Har ila yau ta hana a riƙa yawon bara da naƙasasshe. Wannan sai a lura da shi, domin akwai masu zuwa ƙauye su ce a ba su yaro su kawo shi Kurmi "neman taimako."

Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, aka kafa hukumar jiha mai kula da al'amuran naƙasassu. Tun kafin nan ma akwai cibiyar koya wa naƙasassu sana'a a Kafanchan. Duk waɗannan abin yabo ne. Amma mai karatu zai lura, dokar tana magana ne a kan naƙasasshen kansa, makarantarsa, aikinsa, mutuncinsa. Matar da take tashi ƙarfe uku na dare ta hura wuta, ba a yanka mata ko kwabo ba.

ƘOFOFIN DA SUKE BUƊE

Ko da yake babu alawus na mai reno, akwai ƙofofi guda uku da gidan zai iya shiga.

Ta farko ita ce rajistar gidaje masu ƙaramin ƙarfi, wadda Gwamnatin Tarayya take tattarawa tare da jihohi. Daga cikinta aka zaɓi gidajen da aka riƙa ba naira 5,000 a wata zamanin Buhari. Daga cikinta kuma aka ce za a ɗauki gidaje miliyan 15 da Shugaba Bola Tinubu ya yi wa alkawarin naira 25,000 sau uku, a shirin da ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023. An dakatar da shirin a watan Janairu na 2024 saboda binciken kuɗi, daga baya aka ci gaba, da sharaɗin mai karɓa yana da lambar ɗan ƙasa ta NIN da asusun da za a zuba masa kuɗin.

Yadda ake shiga wannan rajista shi ne abin da ya kamata mazauna Kurmi su gane sosai. Ba a ofis ake zuwa a nema ba. Ma'aikata ne suke zuwa gari, su tara maza daban, mata daban, matasa daban, mutanen garin da bakinsu su faɗi gidajen da suka fi shan wahala. Sa'an nan a bi gida-gida a rubuta yawan mutane, da irin ɗaki, da abin da aka mallaka, da ko akwai naƙasasshe. Ba a biyan ko sisi. To, a nan ne ake yin asara. Uwar yaron ba ta iya barinsa ta je taro. Wasu gidajen kuma, saboda kunya ko camfi, sukan ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo. Wanda aka ɓoye kuwa ba ya shiga takarda, wanda bai shiga takarda ba, a wurin Gwamnati babu shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta lissafa yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta, a matsayin waɗanda za a ɗaukar wa kuɗin magani. A Jihar Kaduna hukumar KADCHMA ce take rubuta sunaye, ta hanyar ƙananan asibitocin mazaɓu. Guraben ba su da yawa, saboda haka a je a tambaya da wuri, kada a jira sai ciwo ya tashi.

Ta uku ita ce takardar shaidar naƙasa, wadda dokar 2018 ta tanada, tushenta kuwa binciken likita ne. A kai yaron babban asibitin Gwamnati, kamar na Kafanchan, likita ya duba shi ya rubuta abin da yake damunsa. Wannan takarda, da ta haihuwa, da lambar NIN ta uwa da ta yaro, su ne makaman da ake tambaya duk inda aka je. Ga waɗanda suke tare da yaran nasu a Ikko kuwa, Jihar Legas tana da tata dokar tun 2011, da ofishin LASODA mai rajistar naƙasassu mazauna jihar.

YADDA WASU ƘASASHE SUKE YI

Kada wani ya ce abin da muke faɗa mafarki ne. A Ingila an fara biyan alawus ga masu jinyar naƙasassu a 1976, amma sai da aka kai 1986, bayan shari'a, kafin matan aure su sami shiga. Sharaɗinsa shi ne mutum yana ɗawainiyar aƙalla awa 35 a mako, kuma an tabbatar da nauyin naƙasar wanda ake kula da shi. A watan Afrilu na 2025 kuɗin ya kai fam 83 da 'yan kai a mako. Suna kuma da kuɗin sanyi: daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, duk lokacin da aka yi kwana 7 a jere ana sanyin da yake daskarar da ruwa, akan ba gidaje masu ƙaramin ƙarfi fam 25, cikinsu har da masu yaro naƙasasshe. Yankin Sikotland ma ya ƙara da nasa a 2020, fam 200 a shekara don ɗumama ɗakin yara masu naƙasa mai tsanani.

Idan an ce ai waɗannan Turawa ne masu arziki, to ga Afirka ta Kudu. Can ana biyan iyaye ko masu riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara 18 mai naƙasa mai tsanani kuɗi kowane wata, wanda ya haura rand 2,000 a 2024, bayan likita ya duba yaron an kuma auna samun gidan. Abin lura a nan ba yawan kuɗin ba ne. Abin lura shi ne doka ta ɗauki renon nan a matsayin aiki, ta kuma fayyace wanda ya cancanta, ba sai ya san wani ba.

ABIN DA MUTUMIN KURMI ZAI YI

Kafin Gwamnati ta kai nan, nauyin yana kanmu. Idan za ka je gida Kirsimeti ko Sallah, ka ware kwana biyu ka kai matar da yaron a yi musu NIN, a buɗe mata asusu da sunanta, ba da sunanka ba, domin ita ce take gida ranar da za a zo tantancewa. Ka ga mai unguwa ko dagaci da kansila, ka tabbatar sun san da yaron. Ka roƙi wani daga cikin dangi ya tsaya wa gidan duk ranar da aka kira taron rubuta sunaye. Matambayi ba ya ɓata.

Kuɗin gawayi kuma a aika tun watan Oktoba ko Nuwamba, kafin ya yi tsada. Bargo da rigar sanyi da safa da hula na gwanjo, waɗanda suke da sauƙi a kasuwannin Ikko, sun fi buhun gawayi daɗewa. A gargaɗi mutanen gida kada su kwana da kaskon wuta a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Garwashin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, ga kuma haɗarin gobara ga yaron da ba ya iya gudu. A ɗumama ɗakin da yamma, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da suke taro a Agege da Obalende da Sabon Badun, suna tara kuɗi don kai gawa gida. Me zai hana su buɗe ƙaramin asusu na hunturu don masu rai? Haka nan Zumuntar Mata a coci da kwamitocin zakka a masallatai, kowa ya san gidajen nan a unguwarsa. Ko a karɓi uwar na yini ɗaya a mako ta je kasuwa, taimako ne babba.

Daga ƙarshe muna kira ga wakilan Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba da Sanga a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, da su duba dokar 2021 su sa mai reno a cikinta, ko da ɗan abin da zai sayi gawayi da sabulu ne a watannin sanyi, a kuma rubuta sharuɗɗan a fili da Hausa da harsunan yankin. Mu kuma da muke nesa, idan sun zo neman ƙuri'a, mu tambaye su wannan. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu ɗawainiya da su da alheri, amin.