Kallon Jirgin Ƙasa: A Tsaya Daga Nesa

Fiye da shekara 100 ke nan da layin dogo ya ratsa Jazira, daga Khartum ya bi ta Wad Madani da Hajj Abdalla zuwa Sinnar. Da jin kukan jirgi sai yara su ruga kallo, manya ma su tsaya ƙirga taragai.

Kallo ba laifi ba ne. Amma jirgi ba ya kaucewa kamar mota, kuma ko direba ya ja birki, nauyin taragai yakan tura shi nesa kafin ya tsaya. Jikinsa ya fi layin faɗi, saboda haka yana iya buge wanda ya tsaya dab da ƙarfe.

Iyaye, ku ja kunnen yara. Kada su zauna a kan layi, kada su ɗora masa dutse ko ƙusa. Kada su shiga ƙarƙashin taragon da ke tsaye, yana iya motsawa ba zato. Makiyayi ya saurara, ya duba dama da hagu kafin ya ƙetarar da awaki.

Idan ɗan sanda ya ce ku matsa, ku matsa ba gardama, ranku yake karewa. Mai son ɗaukar hoto a tasha ya nemi izini tukuna.

In wani ya ji rauni, a janye shi daga layi a hankali, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a garzaya da shi asibiti. Kada a zuba ƙasa ko toka a raunin.