A Kula da Warin Man Kpayo

'Yan uwa fatake, duk mai bin hanyar Djougou zuwa Parakou ya san kpayo, fetur ɗin Nijeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi. Mukan cika jarka saboda baburan shiga ƙauye, mu ajiye ta a ɗakin da muke kwana a masauki. To, warin nan guba ne. Akwai sinadarin benzin a ciki, mai sa ciwon kai da jiri, in an daɗe ana shaƙa ya jawo sankarar jini. Jarka dai a rufe ta, a bar ta waje. Yaranmu masu zuƙo mai da tiyo kuwa, kurɓi ɗaya na iya lalata huhu. Wanda ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti.