Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Mai Bincike?

Wani mai sauraronmu daga Kwanar Dangora ya ce ya ji ana yabon Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe. To, da me ake auna aikin irinsu?

Malam, shi Dokta Maina a Jami'ar Sussex ta Ingila ya yi digirinsa na uku. Bincikensa kan wani sinadari ne na cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ana ce masa tau, wanda in ya cure yake da hannu a ciwon mantuwa na tsofaffi.

Mudu na farko shi ne yawan takardun binciken da masani ya buga. Na biyu ya fi shi nauyi: sau nawa wasu masana suka ambaci takardarsa cikin nasu aikin? Kamar irin masara ne, in maƙwabta na ta zuwa neman naka, ai ka san ya yi kyau. Sai dai fa wani lokaci don a ƙaryata mutum ake ambatonsa, lissafin kuwa bai bambancewa.

A 2021, shi da abokan aikinsa sun auna Afirka da waɗannan mudun. Sun tantance takardu 5,219 kan ƙwaƙwalwa da aka buga daga 1996 zuwa 2017. A yawan bugawa Masar ce gaba, sai Afirka ta Kudu, Nijeriya ta zo ta uku.